Zeinabou da Magen da Ta Tsaya Mini

A unguwar Xiaobei in ka ce Zeinabou, sai a tambaye ka wacce. In ka ce Zeinabou mai karnuka kowa ya gane. Mutuniyar Maraɗi ce, ta haura arba'in da biyar, shekararta goma sha huɗu a birnin Guangzhou na ƙasar China. Da mijinta suka zo. Da kasuwa ta ƙi masa ya koma gida, ita ta zauna tana sayo wa matan Maraɗi da Yamai riguna a kasuwar Shisanhang tana aikawa. A wurin ɗaurin kayan nan muka saba, don aikina ke nan a siton wani ɗan Kano da ke bayan titin Huanshi Lu. In auna kwali, in naɗe, in rubuta suna. Sunana Abdulbaƙi, amma Baba take ce mini.

Mahaifinta mataimakin likitan dabbobi ne. Tana ƙarama takan bi shi rugage, shi yana riƙe shanu ana yi musu allura, ita tana riƙe masa jaka. Shi ya sa ba ta tashi da tsoron dabba ba. Wata rana ta tsinci kwikwiyo da babur ya taka a bakin kasuwar Baima, wata mai shago ta rubuta mata inda za ta kai shi. Mota biyu ta shiga kafin ta isa. Tsohon sito ne a bayan gari, wata dattijuwa Madam Liang ta mai da shi gidan dabbobin da aka yasar: karnuka wajen saba'in, maguna sun fi ɗari, masu aiki uku. Zeinabou ta ajiye kwikwiyon, ta duba wurin, ta ɗauki tsintsiya. Tun daga ranar ba ta fasa Asabar ba sai in zazzaɓi ya kwantar da ita.

Ta wanke keji, ta canza yashin maguna, ta dafa shinkafa da kabewa da naman kaza, ta ɗiga wa masu ciwon ido magani, sannan ta fita da karnuka bibbiyu su miƙe ƙafa. Tana da riga da takalmin roba da take bari a can. A jakarta kuma akwai gwangwanin ƙasa, irin ta shuka fure, don garin nan siminti ne ko'ina. Da ita take wanke hannu kafin ta yi alwalar azahar.

Mutanenmu ba su bar ta ba. In ta shigo gidan abinci sai Souleymane mai takalma ya ɗaga murya: "Hajiya, yau nawa aka yi wa wanka? An fesa musu turare?"

"Ashirin, Souleymane. Kuma duk cikinsu babu mai haushi irin naka."

Abin da ya fi damunta ba wannan ba ne. Madam Liang ba ta ba wa baƙo ɗan wata ƙasa dabba. Ta ce ta sha gani, baƙo ya ɗauki mage, bizarsa ta ƙare, ya bar ta a bakin titi. Shekara shida Zeinabou tana lallashinta cewa mu ma mutane ne masu riƙon amana. A ƙarshe Madam ta ɗora ta a teburin masu zuwa neman dabba, ta kuma yarda a gwada mutum ɗaya. Ni Zeinabou ta zaɓa. Na taɓa gaya mata ɗakina ya yi shiru tun da abokin zamana ya koma gida. Ta ce, "Baba, kai ba ka yawo, ba ka hayaniya. In na sa ka gaba ba zan ji kunya ba."

Sharaɗi uku ne a takardar. A sa raga a kowace taga, kada a bar magen ta fita, kuma duk ƙarshen wata a aika hotonta. Zeinabou ta karanta mini da Hausa har sau biyu, na sa hannu. Ita ta kawo mai aikin ragar, ta tsaya a kansa har ya gama. Magen ruwan toka ce, kunnenta ɗaya a tsage. Ranar Asabar ta shigo, na sa mata Asabe.

Wata biyu muna zaman lafiya. Sai dai Asabe yini take a taga, hancinta a jikin raga, tana kallon tsuntsaye tana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Ni kuwa tun muna yara a Kano nake jin wa'azin matar da ta kulle mage ta shiga wuta. A gidanmu ba a tsare mage, ta hau katanga ta je yawonta ta dawo. Na san ni ina ciyar da tawa, ba ɗaya ba ne, amma zuciya ta ƙi kwanciya. Ban tambayi malami ba, ban kuma tambayi Zeinabou ba, don na san amsarta. Wata Juma'a da hantsi na kwance kusurwar ragar, kamar faɗin tafin hannu biyu, wai ta ɗan sha iska a kan rumfar ƙasa ta dawo. Ɗakina a hawa na huɗu yake. Na tafi masallaci. Na dawo babu Asabe.

Kwana tara ina nema, ƙarƙashin motoci, bayan shaguna, wurin zuba shara. Ko gawarta ban gani ba.

Da wata ya ƙare Zeinabou ta turo saƙo: "Baba, hoton ɗiyarka." Wayata cike take da hotunanta. Na zaɓi ɗaya na tura. Wata na gaba ma haka na yi. Bayan na biyun ta same ni a sito tana dariya tun daga ƙofa, ta ce Madam ta yarda a ƙara ba mutum uku, har da Aicha matar mai gidan abinci, wadda 'ya'yanta suka daɗe suna roƙo. "Baba, ka fitar da ni kunya." Na ce alhamdulillahi, na ci gaba da naɗe kwali.

Ba zan ce tuba ce ta buɗe bakina ba. Rana ce ta ƙure. Aka ce in kawo Asabe a yi mata allura. Na ɗauki kwandonta babu komai a ciki, na shiga motocin nan biyu. Zeinabou ta tare ni a ƙofa da bokiti a hannu, ta leƙa kwandon.

"Baba, ina mussar?"

Na gaya mata. Ta ajiye bokitin a hankali.

"Hotunan fa?"

"Tsofaffi ne." Sai na ƙara abin da har yau ya fi komai ci mini rai. Na ce, "Ko mu ce ciwo ta yi ta mutu?"

"Baba, ka haife ni. Kada ka sa in gaya maka magana."

Muka shiga wurin Madam Liang. Ni ba na jin Sinanci sai na ciniki, don haka Zeinabou ce ta yi tafinta. Ina faɗa tana juyawa, da bakinta take rushe abin da ta yi shekara shida tana ginawa. Da ta so da ta rage wani abu, ba zan sani ba, amma na ga ta nuna wayata ta ɗaga yatsa biyu, wato hotunan nan biyu. Madam ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya a hawa na nawa ɗakina yake, da ta ji ta rufe ido. Sannan ta ɗauki takardun mutum ukun nan ta sa a aljihun tebur. A ranar aka ɗauke Zeinabou daga teburin, ta koma wankin keji kawai. Zeinabou da kanta ta kira Aicha ta gaya mata an fasa, alhali yaran sun riga sun sayi kwano.

Yanzu shekara ɗaya da wata huɗu, ba a sake ba wani baƙo dabba ba. Zeinabou tana zuwa kamar da. Tana gaishe ni, tana ce mini Baba, amma wasan nan ya tafi. Ni ma ina zuwa Asabar, don hannu ya yi musu kaɗan, wani lokaci Zeinabou da Madam ne kaɗai a kan dabba kusan ɗari biyu. Ba a barina in shiga ɗakin maguna. Kwanuka nake wankewa a bakin famfo.

Watan jiya Mahamadou, wani ɗan Yamai, ya zo neman mage. Zeinabou ta ba shi haƙuri. Ya ce to me ya sa, ba ita ce ta ce an buɗe mana ba? Ta ce wani ne ya ɓata mana, ba ta faɗi suna ba. Ina tsugune taku biyar daga gare su, ban ɗago ba. Ya tafi yana cewa ita ce ke hanawa don ta yi wa 'yan China daɗi, kuma na ji maganar ta zaga Xiaobei. To ba ita ba ce. Ni na kwance ragar, ni na tura hotunan.