Marinar da ke ƙarƙashin gonar Malam Garba

Har na bar aiki, ranar da muka leƙa ƙarƙashin gonar Malam Garba ba ta fita raina ba. Lokacin ni ne mai riƙe sandar awo a wata tawaga da aka tura wani ƙauye a wajen Bagwai, neman inda za a kafa manyan fankokin nan masu ba da lantarki da ƙarfin iska.

Ga wanda bai san aikin ba: fankar ta fi rimi tsawo, kuma idan ƙasa ta lotsa ta gefe guda, ko kaɗan ne, sai ta karkace. Don haka kafin a zuba ginshiƙi, mukan kafa turakun siminti da rani, mu auna tsayinsu, mu dawo bayan damina mu sake aunawa.

Da muka dawo, duk turakun suna nan yadda muka bar su, ban da na gonar Malam Garba, wanda ya nutse ya kuma karkata. Shugabarmu, Injiniya Hadiza, ta tambaye ni dalili. Ban tsaya tunani ba na ce garmar shanunsa ce ta buge shi. Maganar ta kai kunnen dagaci, gari ya ɗauka cewa Garba na yi wa lantarkin jama'a zagon ƙasa. Har a masallaci aka daina matsa masa wuri a sahu.

Ya same ni a gindin mota ya ce, "Malam Isa, ka gan ni da idonka?"

Na ce, "To aljanu ne suka danna shi?"

Ya ce, "Su ma a tambaye su kafin a yanke musu hukunci."

Injiniya ba ta gamsu da zancena ba. Bayan girbi ta sa aka kawo wata na'ura mai kama da baro, wadda ke nuna abin da ke cikin ƙasa a allo. Ni na tura ta a kan kunyoyin. Can sai ta ce, "Baba Isa, tsaya. Dawo baya a hankali."

Ramuka ne a allon, zagayayyu, a jere kamar gurbin dara. Muka haƙa gefen guda, sai ga bango shafe da laso, ga toka mai shuɗi-shuɗi. Marina ce, tsohuwar da babu mai rai da ya taɓa jin labarinta. An cike rijiyoyin rinin, aka yi ta noma a kansu, ni kuma na kafa turkena a bakin ɗaya. Mutane sun tsaya a nan suna rini, suna ciniki, suna dariya, ƙasa ta rufe su ba ko suna.

Garba ya tsuguna ya murza tokar a yatsunsa. Ya ce, "Ikon Allah! Shi ya sa dawata ke fin tsawo wuri-wuri, kamar an zana da faifai."

Aka mai da fankar wani tudu. Na roƙi gafararsa a gaban dagaci, tunda a idon jama'a na ɓata shi.

Ku masu tasowa, idan awo ya saɓa, ku fara tuhumar ƙasa kafin mutum. Ta girme mu, kuma ba duk abin da ta haɗiye ta gaya mana ba. Ran da muka haƙa ramin nan, Garba ya miƙo mini hannu, shuɗin tokar ya kama tafina.