Takardar Yaya Ta Je Doha Ta Dawo

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da wani maƙwabcinmu da hutunsa ya ƙare zai koma aikin tuƙi a Qatar. Direban da ya kai mu Kano ya riƙa gudu kamar wanda aka biyo, har wata tsohuwa a baya ta ce, "Ɗan nan, jirgi za mu hau, ba lahira ba." A jakata akwai kilishi, kuka da daddawa, sai abin da ya sa ni tafiyar: takardar shaidar koci ta yayanmu, cikin gilashinta. Inna ce ta sauke ta daga ƙusar bangon ɗakinta, ta naɗe a zani.

Yaya ya yi shekaru yana horar da 'yan ƙwallon wata kwaleji a gida. Da rayuwa ta matsa, ya tafi Doha gadi a wata jami'a mai zaman kanta. Yanzu gurbin mataimakin koci ya buɗe a can, ya nema, aka kira shi ganawa aka ce ya zo da takarda ta asali. Inna ta rantse ba za a ba wa 'yan aike ita ba. Shi ya sa aka aike ni.

Doha ta tarbe mu da zafin da ke shiga har cikin takalmi. Titi sumul, babu rami, babu mai cewa a ba shi na goro. Maƙwabcinmu ya nuna min filin wasan Al Thumama daga nesa, sak farar hula aka kifa. Muka wuce Bin Omran, inda Yaya yake da mutum biyar a ɗaki guda, gado bisa gado. Yaya ya saya min shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, a riyal ɗaya. Na juya shi zuwa naira a zuci, sai na shanye har da na gindin kofi.

Ran Alhamis ya samo min katin baƙo, na bi shi jami'ar. Da ya tashi aiki da yamma ya cire rigar gadi, ya rataya tsohon usur ɗinsa a wuya, ya shiga fili. Kai jama'a! Babban kocin Bature ne, yana inuwa da waya a kunne. Yaya ne ke jera 'yan wasa, shi ke gyara musu tsayuwa, shi suke kira Koci. Kuma a kyauta, don so. Na ƙare wa 'yan wasan kallo, galibinsu 'yan Afirka ne da aka zaɓo saboda gudu. Na waiwaya bencin masu ba da umarni, babu baƙar fata ko ɗaya. Ƙafarmu ake so, kanmu ne ba a so.

Yaya ya ce ai shi ya sa jami'ar ta yi doka: duk gurbin koci, sai an gana da aƙalla mutum ɗaya daga Afirka ko Asiya. Na ce to madalla.

Bayan sallar Juma'a muka yi tuwo da miyar kuka, ɗakin ya cika da baƙi. Yaya yana goge kwat ɗin aro, sai abokin ɗakinsa, wani Bahaushen zangon Ghana da ke ofishin buga katin shiga jami'ar, ya ajiye lomarsa.

"Koci, bar wahalar da dutsen guga. Khalas, an gama. Jiya na buga wa sabon mataimaki katinsa, da hoto da muƙami."

Ganawa sai Lahadi, amma kati ya fita tun Alhamis! Na ce, "Yaya, wannan ai rainin wayo ne. Kada ka je." Bai ɗago ba. Ya ce, "Inna ta sauke takarda daga bango. Zan je." Ya ci gaba da gugarsa.

Ran Lahadi na raka shi, na zauna a waje da zanin Inna a cinya. Ko ruwan da aka miƙo min ban shanye ba ya fito. Ya ce ba wanda ya karanta takardar. Sun dai roƙe shi ya ɗaga ta a ƙirji ya yi murmushi, suka jeru gefensa aka ɗauki hoto. Hoton suke so, don a ce an dama da kowa.

Da rana ya mayar da rigar gadi. Ina tsaye kusa da shi mota ta tsaya, wani matashin Bature, sabon mataimakin, ya nuna katinsa, Yaya ya ɗaga masa ƙarfen ƙofa. Ba na ganin laifin matashin, har gaisuwa ya yi da fara'a. Amma babban kocin da ke tuƙa shi ya leƙo ya ce wa Yaya ya daure ya shigo fili da yamma, ya nuna wa sabon yadda ake tafiyar da aiki. Haba! Na buɗe baki, Yaya ya danne min ƙafa da takalminsa. Na haƙura don na san takardar zamansa a hannun kafil take, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ni kuwa baƙon mako ne.

Ranar dawowa shi ya naɗe takardar da kansa ya cusa min a jaka. A jirgi ko shinkafarsu ban taɓa ba. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, dokar ba ita ce matsalar ba. Da ba ita, ko ƙofar ofishin Yaya ba zai gani ba. Amma a kira mutum don cika ƙa'ida bayan an gama rabo, wannan cin fuska ne, gara a ce masa a'a tun daga nesa.

Na iso Zariya da la'asar. Inna ta tare ni tun a zaure. "Sun gani?" Na ce, "Sun ɗauke ta hoto, Inna." Ta karɓa ta warware zanin don ta mayar da ita ƙusarta, sai wani abu ya faɗo ƙasa. Usur ɗin Yaya ne. Ban san ya sa shi a ciki ba.