An Daina Kirana Wankan Gawa

Maƙwabcin shagona ne ya yaɗa a unguwarmu ta Kilomita Biyar, a birnin Bangi, cewa na fara shan giya. Mutumin da muka yi shekaru muna cin tuwon rana a kwano ɗaya, shi yana sayar da kusoshi da kwaɗo, ni atamfa.

Abin ya faro ne daga ido. Da safe ina garau, in ɗaga bandir in auna wa mata yadi. La'asar na yi sai fatar idona ta sauko, harshena ya yi nauyi, ƙafafuna su ƙi jin magana. Na je asibiti, likita ya bubbuga min gwiwa, ya sa na matse masa yatsu, ya ɗebi jini ya ce sai an kai Kamaru, na'urar gwajin babu ita a Bangi. Na tambaye shi sunan cutar, ya amsa min da yaren Sango, wai yeke-yeke, a bi a hankali. Duk komawar da na yi, maganar ke nan.

Wata rana da yamma na dawo daga wurin likitan ta unguwar Yakite. Na sauka daga babur na yi tangaɗi, na dafa bango. Alhajin nan, maƙwabcin shagona, yana tsaye a bakin layi. Na yi masa sallama, kalmomin suka fito a cakuɗe. Bai kama hannuna ba. Ya je ya ce ya ganni na sha ngbako, barasar rogon nan, har bakina ba ya haɗuwa.

Ni ban yi nisa a karatu ba, na boko ko na allo. Abu ɗaya aka san ni da shi a unguwa: in namiji ya rasu, ni ake kira wankan gawa. Mahaifina ya koya min. Aikin ba a biya, amma ba a ba wa kowa, sai wanda aka yarda zai ga tsiraicin mutum ya rufe bakinsa. Hannuna na rawa, gaskiya ne, amma da safe zan iya, ko in tsaya in nuna wa masu ƙarfi.

Na daina fita bayan la'asar. Sai aka ce a ɗaki nake sha. In na fita a kalli tafiyata, in na zauna a kalli ƙofata. A masallaci wanda ke kusa da ni a sahu yakan matso da hancinsa kamar yana gyara tsayuwa. Da ciwon sukari ne ko hawan jini, da na faɗa an ce Allah ya sawwaƙe. Nawa ba shi da suna, kuma mutanenmu ba sa yarda da ciwon da ke tashi da yamma ya kwanta da safe.

Sai wani dattijo ya rasu a unguwar Kokoro, wanda da bakinsa ya taɓa ce min ni zan wanke shi. Ba a aiko ba. Daga bakin matata na ji, bayan an dawo daga maƙabarta.

Washegari da hantsi na je shagon Alhajin. Yana awon kusa, ya ce in zauna, na ƙi. Ya ce shi abin da idonsa ya gani ya faɗa, in ba giya ba ce to in gaya masa mece ce.

Na ce, "Ban sani ba, Alhaji. Likita ma bai sani ba, yana jira. Kai ne ba ka iya jira ba. Ka ganni ina dafa bango, hannunka biyu lafiya lau, ka wuce ka je ka ba da labari. Ko an gano cutar gobe, an riga an binne tsohon nan. Ban yafe maka ba."