Odile Sentenac da Makahon Gizo-gizon Kogon Tumaki

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, da hantsi, Allah Ya yi wa yayata Odile Sentenac rasuwa a gidanta da ke ƙauyenmu, gindin tsaunukan Pyrenees. Shekararta saba'in da tara.

Yaya, shekara talatin kika yi kina raba wasiƙu a kwarin nan a kan keke. Ranar Lahadi kuwa, da an tashi daga coci, sai ki ɗaura igiya a ƙugu ki shige ƙarƙashin ƙasa, ni ina riƙe da ɗaya bakin. A Kogon Tumaki kika fara ganinsa: gizo-gizo fari fat, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba shi da ido ko ɗaya. Kika aika da shi jami'a a 'yar kwalba. Amsar layi biyu ce: wannan tamata ce, sai an ga namijin za a iya cewa sabon jinsi ne.

Shekara sha ɗaya kina neman namijin. A kasuwa a ce, "Odile, har yanzu ba ki samo wa amaryar miji ba?" Ki ce, "Halin mazan garin nan gare shi, da ya ji motsin aiki sai ya ɓuya."

Sai wani kamfanin fasa dutse ya sami izinin tarwatsa tsaunin da kogon yake ciki nan da wata uku. Kina da shekara sittin da uku, gwiwa ta lalace, amma kullum sai kin shiga. Saura kwana tara, kika kutsa wani lungu da ni ban taɓa yarda na sa kaina ba. Na yi awa huɗu ina kallon igiyar. Kika fito taɓo har gashin ido, kika miƙo mini kwalba. "Firmin, riƙe da hannu biyu. Ango ne."

Shehin malamin da ya rubuto layi biyun nan ya zo da kansa, ya duba, ya tabbatar sabon jinsi ne, ya tuɓe hularsa ya nemi gafararki. Don kare halittar, kotu ta dakatar da kamfanin. Aka raɗa wa halittar sunanki, aka kaɗa ƙararrawar coci, masu tsokanar jiya suka ɗauke ki a kujera har dandali.

Ba ki manta da leburorin da suka rasa aiki ba. Ofis-ofis kika bi har aka ɗauki uku gadin kogon. Ɗaliban da suka riƙa zuwa daga baya, ba wanda ya tafi bai sha miyar kabejinki ba, kuma kin buɗe musu littattafanki duka. Da littattafan nan suka gano wasu jinsuna biyar. Su suka ɗauki makararki.

Allah Ya ji ƙanki, Yaya, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Gaston, da 'yarki Maylis, da jikokinki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.

Ƙaninki, Firmin