Sanyin Uwar Taga

Shekara goma sha tara ke nan tana zaune a bayan gilashin ɗakin gwajin jini, inda ake miƙa wa mutane sakamakonsu. Ma'aikata ne suka sa mata Uwar Taga, sunan kuwa ya bi ta har gida. Aikinta ba shi da yawa: ta duba sunan da ke kan takarda, ta haɗa shi da na katin mai karɓa, ta ninke, ta sa a ambulan, ta miƙa da hannu biyu. Amma kafin ta ninke, idonta kan faɗa kan jan biron da ake zagaye mugun sakamako da shi. Ita ce ke fara sanin wanda zai koma gida da dariya da wanda zai koma da kuka. Dukansu kuma fuska ɗaya take ba su, da magana ɗaya: "Allah ya ƙara lafiya. A kai wa likita."

Da sabon manaja ya cika wata uku, sai ya raba wa kowa takardar auna aikin shekara. Turancinta na cike fom ne, ba ya wuce nan, amma ta tsinci kalmar da ta sani a layin farko: cold. Sanyi ke nan. Ta ninke takardar da jin daɗi, ta kai wa ƙanwarta, malamar Turanci a sakandare, ranar Asabar da hantsi.

Ta same ta a falo cikin tulin takardun jarrabawa.

"Karanta ki ji. Yaron nan yana da ido. Wata uku kacal, har ya gane ni mai sanyin hali ce."

Ƙanwar ta karanta, ta cire tabarau, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, wannan sanyin ba na hali ba ne, na firji ne."

"Ban gane ba."

"Mu in mun ce mutum yana da sanyi, yabo ne. Su in sun faɗa, cewa suke ba ki da fara'a, ba a ganin haƙoranki. Kalmar da ke kusa da ita kuma, aloof, mai shan ƙamshi ke nan, wadda ta ware kanta tana kallon mutane daga sama. Kin karanta layin ƙarshe?"

Ba ta karanta ba. A wurin yabon ta tsaya.

"Ya ce daga farkon wata a mayar da ke ɗakin ajiyar fayil, a sa mai murmushi a taga."

Uwar Taga ta karɓi takardarta. "Saboda aiki nake ɗaure fuska, ke ma kin sani."

"Na sani. Amma Yaya, nan gidan ai babu taga."

Wannan maganar ta fi ta manaja ciwo, don akwai gaskiya a cikinta. A shekararta ta farko ita ma mai fara'a ce, duk wanda takardarsa ta fito fes sai ta washe masa baki. Wata rana wani dattijo kafinta ya zauna a benci yana kallo, ya ga ta yi wa mutum huɗu murmushi, da layi ya zo kansa, shi ba ta yi masa ba. Ya dube ta, ya ajiye ambulan a bakin taga, ya fita. Bai dawo ba. Ciwon nasa kuwa mai jin magani ne. Ambulan ɗin yana aljihun teburinta har yau, ya yi ja don tsufa. Tun ranar ta ɗinka wa kanta fuskar da ba a karantawa. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, fuskar ta yi mata daɗi. A bayan fuskar nan babu mai tambayarta yaya ta kwana bayan rasuwar mijinta, babu mai tausaya mata. Ta sa ta don marasa lafiya, ta ci gaba da sa ta don kanta.

Ranar Litinin ta ƙwanƙwasa ofishin manaja. Ba roƙo ya kai ta ba.

"Yallaɓai, an fassara mini. Kafin in koma wajen fayil, ina so ka zauna a kujerata awa ɗaya, in ga yadda ake murmushin, ko na koya."

Ya ɗauka zolaya ce, amma matashi ne mai son nuna misali, ya naɗe hannun riga ya biyo ta. Mutum na farko ya sha fara'a, har da tambayar iyali. Na biyu ma haka. Benci ya ɗau hira. Na uku direban tasi ne, ya zo da makullin mota a yatsa. Manaja ya buɗe takarda don duba suna, ya ga jan biro wuri biyu. Murmushin bai tafi duka ba, rabi ya saura a fuskarsa, ya rasa inda zai kai shi.

Direban ya daina kaɗa makulli. "Yallaɓai, mutuwa zan yi?"

Hirar benci ta tsaya cak. Wata mata da ke bayansa ta fara ja da baya tana neman ƙofa.

Uwar Taga ta zare takardar daga hannun manaja, ta ninke, ta sa a ambulan, ta miƙa da hannu biyu.

"Kowa ma zai mutu, malam, amma ba a wannan tagar ake faɗin ranar ba. Allah ya ƙara lafiya. A kai wa likita, ƙofa ta biyu. Baiwar Allah, matso, ke ce a layi."

Direban ya karɓa, ya nufi ƙofa ta biyu. Matar ta matso. Ita ma aka ba ta fuskar nan da maganar nan, ba ragi ba ƙari, ta tafi ba ta san komai ba sai abin da likita zai gaya mata.

Manaja bai cika awar ba. Bayan an tashi ya zo da takardar da biro, ya soke layin ƙarshe a gabanta, ya kai biron kan na farko.

"Soke kalma ta biyun kawai," in ji ta. "Ban taɓa shan ƙamshi ba, ba ni da hancin. Sanyin kuwa bar mini abina, da Hausa zan riƙa karanta shi."

Ta ja labulen taga, ta kulle aljihun tebur, ta kira ƙanwarta a waya.

"Kina gida? To ki sa tabaran nan naki, ga ni nan zuwa. An ce ba ki taɓa ganin haƙorana ba."