Mamacin da Ke Jiran Tafi

Ku mutanen unguwar Misfala, nan ƙasa mai tsarki, kun san maigidana mai tsire, Allah ya jiƙan sa, kun kuma san ba ya faɗuwa irin ta sauran mutane. Sai ya dafe ƙirji, ya juya, ya dubi sama, sannan ya zube. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa. Inda kuka ga magana ta yanke, kuka ne ya ci ƙarfina.

A garin Musawwa ya koyo abin, kan hanyarsa ta zuwa nan aikin hajji, kafin babban yaƙin duniya. Guzuri ya ƙare yana dako a bakin teku, sai Turawan Italiya suka ɗebe shi da wasu 'yan dako aikin sinima. Har yau ban gane mece ce sinima ba. Ya ce mutane ne ke yawo a jikin farin zane. Na tambaya wa ke wanke zanen, ya ce in bar maganar. Aikinsa dai, wani babban ɗan wasansu mai gashin baki, wanda yake kira Kaftin, ya harbe shi da bindigar ƙarya, shi kuma ya mutu. Ƙa'idar aikin kuwa, mamaci ba ya motsi ko ƙuda ya shiga hancinsa, sai an tafa masa hannu.

Ba wanda ya gaya mini wannan ƙa'ida. Ina amarya ya ce zai nuna mini sana'arsa, ya zube a tsakar gida. Na kurma ihu. Maƙwabciyarmu Hajiya Ummi ta shigo tana salati tana tafa hannu, sai gawa ta miƙe, ta kakkaɓe riga, tana tambayar mu yaya muka ga faɗuwar. Ummi ta daɗe ba ta sayi tsirensa ba.

Daga nan duk gardamar da na kusa cinyewa, sai ya mutu. Wata rana na rantse ba zan tafa ba. Na yi girki, na yi wanki, ina tsallake shi. Da aka kira la'asar sai na ji ƙus-ƙus daga ƙasa, wai salla za ta wuce shi. Na ce mamaci ba ya magana.

Ya ce, "To, Hajiya, alhakin yana wuyanki."

Na tafa.

Duk alhajin da ya biyo ta Musawwa sai ya ba shi tsire kyauta ya tambayi labarin Kaftin. Da aka ce an ci Italiya da yaƙi, ya ƙi cin abinci, wai wa zai ba Kaftin aiki yanzu. Na tuna masa mutumin nan kullum kashe shi yake yi. Ya ce ai ba kowa ya iya kisa da ladabi ba, shi Kaftin in an tafa yakan miƙo hannu ya tashe shi. Bayan shekaru wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ce Kaftin ya aske gashin baki, yanzu fitowar talaka yake yi, yana cewa bai taɓa sa kakin soja ba. Maigidana ya dube ni.

Ya ce, "To ni wa ya kashe ni?"



Watan jiya ya dawo daga Harami da safe, ya zauna bakin ɗaki. Bai dafe ƙirji ba, bai juya ba, jingina kawai ya yi da bango. Na ce masa wannan mutuwar ba ta yi kyau ba, Kaftin ba zai karɓa ba. Na tafa. Na ƙara tafawa. Ina ta tafi har Ummi ta shigo ta riƙe mini hannuwa.

Ya Allah ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa. Ka san taurin kansa. Ranar da za a tashi kowa, kada ya kwanta jiran tafi. In kuwa sai ya jira, ka sa kabarina kusa da nasa.