Namadi, Mai Sauya wa Babur Murya

Malam Namadi bakanike ba shi da rumfa a bakin titi. Idan ya idar da sallar asuba ya sha kununsa, sai ya zuba sifanu da guduma da tsumma a tsohon buhun taki, ya saɓa a kafaɗa, ya bi lungunan Anka a ƙasa. A tsakar gidajen mutane yake aikinsa. Duk gidan da aka ga ya yi sallama da buhun nan, maƙwabta sukan rage murya, don sun san irin gidan da yake shiga. Masu tsiya har suna ce masa mai wankan babur, kamar dai yadda ake cewa mai wankan gawa. Shi ko a jikinsa.

Ga dalili. Tun da mutanen daji suka hana mu sakat, akwai baburan da suke dawowa gida ba masu su. Kuma kowane inji da muryarsa. Ni da kai ba za mu bambance ba, amma uwa tun daga kwanar masallaci take gane na ɗanta.

Haka ta faru da Inna Marka, tsohuwar da idanunta suka daina gani. Ɗanta Sufyanu ɗan kabu-kabu ne. Ya ɗauki fasinja zuwa Bukkuyum aka tare su. Waɗanda suka tsira sun shaida an kashe shi, amma ba a samu gawa ba, sai babur a cikin kwazazzabo. Ƙanensa Haris ya ci gaba da hawa, don da shi gidan ke ci.

To kullum da magariba in Haris ya karyo kwana, sai tsohuwa ta miƙe tana lalube.

"Sufyanu ya dawo, ku ba shi ruwa."

Haris ya durƙusa ya gaishe ta, ta shafa kansa ta kira shi Sufyanu, ta tambaye shi inda ya baro ƙanensa. Ga shi a gabanta, amma shi take cigiya. Ranar da babur bai fita ba, ba ta cin abinci. Daga baya ta fara jin ƙararsa yana zaga gidan da rana tsaka, alhali yana jingine a zaure, kuma Sahura matar Haris ta rantse ita ma ta taɓa ji. An yi addu'a, an faɗa mata gaskiya har baki ya gaji. An ce gani ya kori ji, to wadda ba ta gani fa? Tsohuwa sai ramewa take, hankalinta na tafiya.

Namadi ya zo da la'asar. Ya sa Haris ya zaga gari da babur ɗin har ya yi zafi, sannan ya shigo da shi tsakar gida, aka shimfiɗa wa Inna tabarma kusa.

"Baba, mu yi shi waje mana, kada ta ji," in ji Haris.

"A'a. Cikin ɓoye anka ɗauke mata ɗa. Wanga gabanta za a yi shi."

Ya bar injin yana kuka, tsohuwa na murmushi tana yi masa sannu da zuwa. Shi kansa Namadi ya ji kamar akwai wani tsaye a bayansa. Ya yi bismillah ya murɗa makulli. Gida ya yi tsit.

Ya tsiyaye baƙin mai a kwano. Ya naɗe hannu da tsumma ya kwance salansa, ya zare wayar fulogi, ya cire kafireto, ya saki sarƙa, kuma duk abin da ya cire sai ya faɗi sunansa da ƙarfi don ta ji. Ya tokare injin da guntun icce, ya zare manyan kusoshin da suke riƙe da shi, shi da Haris suka sauke shi a gefen tabarma. Ƙarfen na ɗan yin ƙas, ƙas shi kaɗai yana hucewa.

"Inna, kawo hannunki. Wanga shi kike ji kullum. Ƙarhe na."

Ta ɗora tafinta a kai. "Da ɗumi jikinai," ta ce.

Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe su, hannunta na nan. Can ta ce, a hankali, "Ya yi sanyi." Ta sake faɗa. Sannan ta yi salati, ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar da labari ya zo. Wallahi har Namadi sai da ya juya baya yana goge ido.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko wani injin da salansarsa, waɗanda ya musanyo daga wani abokin sana'arsa a Gummi, don ƙa'idarsa ce injin da ya cire ba ya sake kuka a garin da aka san shi. Ya daidaita ramuka, ya zura kusoshi duka kafin ya ɗaure ko ɗaya, ya ja sarƙa, ya zuba sabon mai. Haris ya buga, babur ya tashi da wata murya daban.

Tsohuwa ta karkata kai. "Wane baƙo na wanga?"

"Ni na, Inna."

Ta laluba fuskarsa. "Haris? Ina ka shiga duk kwanakin ga? Ka rame."

Irin wannan aikin Namadi ya yi a Anka da ƙauyukanta, gida bayan gida. Bana hannunsa ya fara rawa, ya ce zai ajiye sifana.

Kai ne, Namadi, ka gane cewa wani babur ɗin lafiyarsa ƙalau, gidan ne ba lafiya. Kai ne ka shiga inda masu ta'aziyya suka gaji suka bari. Mun gode, Allah ya saka maka da gidan Aljanna.

Ku kuma matasan kanikawa, ku je ku zauna gabansa tun yana iya nuna muku. In an kawo muku injin da ba abin da ya same shi aka ce a cire, kada ku yi gardama, ku tambayi wa ke sauraro a gidan. Ku koyi aikin nan da kyau, sannan mu taru mu roƙi Allah kada ya sa a sake kiran ɗayanku.